Majinyacin da ba ya iya cewa wayyo

A makon jiya, a ɗakin kulawa ta musamman na asibitin da nake aiki a Ingila, muna shirin juya wani dattijo da ke kan na'urar numfashi sai babbar nas ta ce mu dakata. Ga bututu a maƙogwaronsa, ana ɗura masa maganin sa barci mai suna propofol, ba shi da halin furta komai, amma ta lura ya tamke gira, ta lanƙwasa hannunsa ta ji ya ƙage, na'urar kuma sai ƙara take yi saboda numfashinsa na karo da nata. Ta rubuta maki 4 a ma'aunin raɗaɗi, aka ba shi fentanyl, wato maganin kashe zafi, ba mu taɓa shi ba sai da maganin ya ratsa shi.

Ma'aunin da ta yi amfani da shi sunansa CPOT, wanda Céline Gélinas ta Kanada da abokan aikinta suka wallafa a 2006. Ana duba fuska, da motsin jiki, da taurin gaɓoɓi, da yadda majinyaci yake bin na'ura, jimillar maki daga 0 zuwa 8, kuma daga 3 zuwa sama alama ce ta raɗaɗin da ke buƙatar magani. Dalilin wannan bin diddigi shi ne propofol da midazolam barci suke sawa, ba sa kashe zafi, don haka mutum yana iya kwanciya shiru alhali zuƙe majina daga bututu da juyi suna gana masa azaba. Saurin bugun zuciya kaɗai ma ba hujja ba ce, domin zazzaɓi ko ƙarancin ruwa a jiki suna kawo shi.

Ku da ke gida kun san abin da muke cewa: ya samu barci, a ƙyale shi. A wannan fanni dai asibitocin Ingila sun yi mana nisa, kuma ina ganin babu uzurin da zai hana a koyar da ma'aunin da bai buƙaci komai ba sai ido da hannu da takarda.

Amma raina yana ɓaci idan na ji ana cewa mu a asibitocinmu na gida ba mu damu da ciwon majinyaci ba. A nan duk wanda ke kan na'ura nas guda aka ware masa, kuma magani yana cikin kabad a kulle yana jira. Nas ɗin da aka bar wa gadaje da yawa cikin dare a can gida, ga maganin kashe zafi irin su morfin yana wuyar samu, ko ta ƙirga makin me za ta ba shi? Waɗanda suka koya mini duban fuskar maras lafiya tun kafin in ji sunan CPOT suna can, suna aikin mutum uku, domin irinmu da ya kamata mu kama musu mun tattaro mun taho.