Kirsimeti ba sai da sabon ɗinki ba

Da zarar Disamba ta kama sai ka ji ana cewa, “Bana dai ba mu da Kirsimeti,” don kawai buhun shinkafa ya gagara, ko tela ya riƙe kayan yara. Mutane da yawa sun ɗauka godiya ta wanda ya yanka akuya ce, wanda bai samu ba kuwa ya jira baɗi. Wannan kuskure ne, kuma yana ci mini rai, domin na ga uwar da ta ƙi zuwa sujada saboda kunyar tsohon zane.

A duba Luka sura ta 2. A komin dabbobi aka kwantar da Yesu. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali a Urushalima, hadayarsu kurciyoyi biyu ce ko 'yan tattabarai biyu, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Iyayen Mai Ceto ke nan, talakawa. Makiyayan da suka zo ganin jaririn ma sun koma wurin tumakinsu suna yabon Allah, ba wanda ya ɗinka musu riga.

Girki da ziyara da aika wa maƙwabta abinci, Kirista da Musulmi, duk abin kirki ne. Amma Marta ma, wadda ta karɓi Yesu a gidanta, hidima take yi har ta rasa lokacin zama ta saurari Ubangiji. Kafin a hura wuta da asuba, cikin sanyin hunturu, a tara yara minti goma, kowa ya ambaci abu ɗaya da Allah ya yi masa bana, ko da tashi daga zazzaɓi ne.