A kan tocilar dubu huɗu yaro ya ci mani mutunci

Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take. Ranar Laraba na shiga babbar kasuwar Katsina na sayo wa Inna 'yar ƙaramar tocila mai caji, don zafi ya shigo, kunamu sun fito, ita kuma kullum sai ta fita tsakar gida alwalar asuba. Naira dubu huɗu na ƙirga. Yaron shagon ya rantse mani caji ɗaya sai ya kai mako. Daren Juma'a, ko minti ashirin ba ta yi a kunne ba, ɗif! Tsohuwa na tsaye cikin duhu da buta a hannu tana kiran sunana.

Na kai wa mai gyaran rediyon unguwarmu. Ya zaro batirin, irin dogon nan da ake kira 18650, an rubuta 9900mAh a jikinsa, wato yawan cajin da yake ɗauka, ya ɗora mani a tafin hannu. Sakayau, kamar kara. Ya ce na gaskiyar irinsa ba ya wuce wajen 3500, duk wanda ka ga an zabga mashi lamba haka, ƙarya ce tsagwaronta.

Asabar na koma shagon. Na yi sallama, yaron na latsa waya. Na sake. Bai ɗago ba.

Na ce, "Samari, tocilar nan da ka sayar mani ta mutu."

Ya ce, "To Allah ya jiƙanta."

Na haɗiye. Na ce, "Kai fa ka ce tana mako."

Sai a lokacin ya dube ni, daga hula har takalmi, ya ce, "Baba, ni na ƙera ta? Da dubu huɗun taka kake son ta haska maka har Jibiya? Kaya in sun fita ba su dawowa." Abokansa biyu da ke kan benci suka kwashe da dariya. Yaron da na haifi wanda ya girme shi! Ya tura mani ita da bayan hannu, ya ce in matsa ina tare mashi ciniki.

Ku gaya mani wace za mu saya? Tsohuwar ta ƙarfe mai manyan batiran Tiger biyu, haskenta ja-ja ne, ƙwanta na shan batir, yana kuma ƙonewa, amma ba ta yaudara: a hankali take dusashewa, ka san lokaci ya yi, har ka shanya batiran a rana ka ƙara kwana biyu. Mai ƙwan LED da ƙananan batira uku ta fi haske nesa ba kusa ba, sai dai batiran araha da ke kasuwa kwana kaɗan sun ƙare, in ka manta su ciki su yi ruwa su cinye ƙarfen. Mai cajin kuwa, ko ka dace da ta kirki, da wace wutar za ka caja ta? Sai ka kai shagon caji ka biya kamar waya.

Wa ya jefa mu hannun irin yaron nan in ba gwamnati ba? A 2013 aka sayar da kamfanonin wuta, aka ce duhu ya ƙare. A Oktoban 2024 Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. Ga fankokin samar da wuta da iska na Lambar Rimi can, megawat 10, aikin da aka faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'adua na gwamna, muna wuce su a hanya, mu dawo gida mu lalubi ashana. Kuma jabun batir na shigowa ƙasar nan kwali-kwali, ina masu duba ingancin kaya suke? Albashin me suke ci?

Daren jiya wayata na bar wa Inna ta haska, ni na kwana ba waya. Tocilar na nan kan taga, ko kallonta ba na son yi.