A bar wa Mak 4 tabonta

Jama'a, akwai abin da wasu masu gyaran tsofaffin bindigogin soja a Amurka da Ingila ke yi a YouTube da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai samo Lee-Enfield, bindigar sojan Ingila ta zamanin yaƙin Hitila, ya kankare katakonta har ya yi fari tas, ya shafe shi da abin ƙyalli, ya goge ƙarfen sai ka ga fuskarka a jiki, sannan ya ce wai ya farfaɗo da ita. Ni dai a wurina kashe ta ya yi.

Bindigar nan ba baƙuwarmu ba ce. Danginta ne 'yan sandanmu suka daɗe suna ratayawa, wadda ake ce wa Mak 4, mai cin harsashi 10 samfurin .303. Lee-Enfield ɗin kuma kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma suka riƙe a dazukan Bama a 1944 da 1945, inda barikin Dalet da na Kalapanzin na Kaduna suka samo sunansu.

Mai gyaran kirki ba ya gaggawa. Giris ɗin da aka cusa mata lokacin ajiya yakan daskare ya yi ɗanko, sai da tsumma da kananzir da haƙuri. Katakon kuwa a rana ake shanya shi, giris ya riƙa tsattsafowa kamar gumi, a goge, a sake shanyawa. In ya gama amayarwa a murza masa man linsid, wani man tsiro da ake shafa wa katako, wanda da shi aka jiƙa shi tun a masana'anta. Jar tsatsa mai cin ƙarfe dole a cire ta, amma dusashewar tsufa ina ruwanka da ita?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tamburan da kankara ke tafiya da su: 'yar kibiyar da ke nuna mallakar gwamnatin Ingila, shekarar ƙira, alamar masana'anta, ko Fazakerley ta Ingila ce ko Long Branch ta Kanada, da lambar jikin sakata da ake so ta dace da ta gangar jiki. Hatta ramukan cikin bututu labari ne. Harsashin wancan zamani yana barin gishiri mai jawo tsatsa, shi ya sa soja ke ɗura tafasasshen ruwa bayan harbi. Inda ka ga ramuka, wani ya yi ƙyuya, ko yaƙi bai ba shi sarari ba.

Kada wani ya ce na aike shi neman ta. Dokar makamai ta 1959 ta sa .303 cikin bindigogin da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. A nan maganar ta gidajen tarihi ce, irin na yaƙi da ke Umuahia. Roƙona ga masu kula da su, in damina ta kama a dubi ƙarfen a shafa masa mai, kuma duk wanda ya zo da gwangwanin fenti a tare shi tun daga bakin ƙofa.