Haba masu haɗa gem, ku bar rusa duniya haka nan

A cikin watan Afrilun 2025 kaɗai, sau uku kamfanin Sony ya miƙo wa masu buga gem duniyar da ta riga ta rushe yana neman kuɗinsu. Farkon wata The Last of Us Part II Remastered ya sauka a kwamfuta, ba a yi nisa ba aka haɗe kashi na ɗaya da na biyu wuri guda aka ce sunansa The Last of Us Complete, ranar 25 ga wata kuma sai ga Days Gone Remastered, gem ɗin 2019 da aka yi wa kwaskwarima aka dawo da shi kasuwa. Wata shida kafin nan, a Oktoban 2024, haka aka yi wa Horizon Zero Dawn. Babu sabo ko ɗaya a cikinsu, duk ɗumamen tuwon jiya ne. Shi The Last of Us na farko ma ya fito a 2013, aka gyara shi a 2014, aka sake gina shi a 2022, labari ɗaya an sayar sau uku cikin shekara tara. A wani gem ɗin naman gwari ne ya shiga ƙwaƙwalwar mutane, a wani ƙwayar cuta ce, a wani injina ne suka cinye duk wani abu mai rai, amma in ka zauna gaban allo kusan abu ɗaya za ka gani: titi ciyawa ta rufe shi, gine-gine sun zama kango, kai kuma kana bi lungu-lungu kana tsintar tarkace.

Da Sony ne kaɗai da sai in ce zaɓinsu ne. To amma S.T.A.L.K.E.R. 2 ya fito a Nuwamban 2024, Atomfall a Maris 2025, Dying Light: The Beast a Satumba, ARC Raiders a ƙarshen Oktoba. Wanda ba shi da PlayStation ma bai tsira ba, ka buɗe YouTube ko Facebook a wayarka ka ga tallan da zai tare ka, Last War ne, ko Whiteout Survival, ko State of Survival, zombi, wato gawarwaki masu farautar mutane, sun taso ko ƙanƙara ta binne gari, kuma datarka ce ke ƙonewa kafin ka samu ka tsallake. Ni wallahi abin ya ishe ni, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda yake son gem yake kuma ɗaukarsa fasaha mai daraja.

Amsar da masu kare abin ke bayarwa kullum ita ce wai waɗannan wasanni madubi ne na fargabar zamaninmu, annoba da ɗumamar yanayi da yaƙin nukiliya. Wanda ya ga fargabar zamani a cikin tallan Last War ya zo ya nuna min. A da, e, maganar tana da tushe. Wasteland ya fito a 1988 lokacin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet bai ƙare ba, mutanen da suka haɗa shi sun tashi suna jin cewa kowace rana bam zai iya sauka. Fallout na 1997 yana caccakar Amurkar shekarun 1950 ne, wadda ta riƙa tallan makamashin nukiliya a matsayin abin da zai kawo jin daɗi har cikin gida, alhali tana gina ramukan ɓuya. 'Yan Yukiren da suka yi S.T.A.L.K.E.R. a 2007 a ƙasarsu tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a 1986, garin Pripyat da aka kwashe mutanensa yana nan ba kowa har yau, kuma kashi na biyu sun ƙarasa shi ne bayan Rasha ta mamaye ƙasarsu a 2022, wasu ma'aikatan sun koma Prague wasu sun shiga soja. Waɗannan suna da abin faɗa. Waɗanda suka biyo baya yawancinsu kufan kawai suka ɗauka, suka bar dalilin da ya sa aka yi shi.

Gaskiyar magana duniyar da ba kowa a cikinta ta fi sauƙin haɗawa. Gari mai rai aiki ne jawur, sai ka yi mutane dubbai kowa da inda za shi, da motoci, da 'yan sanda da za su zo in ka yi laifi, da mai shago da zai tuna cewa jiya ka zage shi. Kowa ya ga abin da ya samu Cyberpunk 2077 a Disambar 2020 da ya yi ƙoƙarin gina birni cike da jama'a, matsaloli suka yi masa yawa a tsofaffin na'urori har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, bai dawo ba sai Yunin 2021. In ka kashe kowa tun kafin labari ya fara, ka huta da duk wannan. Sai ka ajiye wasiƙa a kan tebur, ka ajiye muryar wani da aka naɗa kafin ya mutu, ɗan wasa ya karanta ya saurara, shi kenan an ba da labari. Kamfanin Bethesda ya kai abin maƙura a 2018 da ya fitar da Fallout 76 babu ɗan Adam ko ɗaya da za ka yi magana da shi in ba sauran 'yan wasa ba, sai mutum-mutumi da kaset na matattu. Mutane suka yi ta ƙorafi, sai a Afrilun 2020 aka zuba mutane a ciki.

Sannan ga tsoron asara. Takardun da suka fito a shari'ar hukumar kasuwanci ta Amurka da Microsoft a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma kusan miliyan 212. Wanda zai zuba irin wannan kuɗi ba ya son jin wani sabon ra'ayi, abin da ya sayu bara yake so. Da aka mayar da The Last of Us shirin talabijin a 2023, Fallout ma a 2024, mutane suka koma suna sayen tsofaffin gem ɗin, to masu hannun jari sun gama samun amsarsu, kufai za a ci gaba da yi.

Duk wannan zan iya haƙuri da shi, kasuwa ce. Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da rushewar duniya ke halasta wa ɗan wasa. Yawancin manyan gem harbi ne da kwasar kaya, kuma a gari mai doka in ka fasa gidan mutum ka kwashe abin da ke ciki sunanka ɓarawo, in ka harbe mutum talatin kafin azahar sunanka ɗan ta'adda. Marubucin gem yana buƙatar hujjar da za ta wanke jaruminsa, sai ya rusa duniya. Yanzu babu alƙali, babu mai unguwa, babu maƙwabci, mai gidan ya mutu saboda haka ba sata ba ce, wanda ke tahowa daga nesa kuma tabbas kashe ka zai yi saboda haka ka riga shi. Zombi ma amfaninsa kenan, siffar mutum ce da za ka sare ba tare da zuciyarka ta tuhume ka ba. A Days Gone ɗaruruwansu ake turo maka a lokaci guda kuma shi ne babban abin da aka tallata gem ɗin da shi. Daga nan sai a ɗora darasin da kusan dukkansu ke maimaitawa da murya mai nauyi, wai mutane sun fi dodannin sharri, wai da zarar gwamnati ta faɗi maƙwabcinka zai yanka ka saboda gwangwanin wake.

Ƙarya ce. Kuma ƙarya ce da ta fi yawo a bakin waɗanda ba su taɓa ganin gari ya watse ba. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a 2005 an yi ta yaɗa labarin kashe-kashe a filin wasan da mutane suka fake, daga baya da aka bincika aka ga yawancin labaran ƙari ne ko ƙage, abin da ya fi yawa shi ne mutane da ƙananan jiragen ruwansu suna ciro waɗanda ba su sani ba daga saman rufi. Mu ma ba sai mun je Amurka ba. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa, ba wuta ba hanya, duk sharuɗɗan da mai rubuta gem yake buƙata sun cika. Me aka gani? Matasa sun shiga ruwa suna goyo tsofaffi da yara, mata sun ɗora manyan tukwane suna dafa wa waɗanda ba su taɓa gani ba, gidajen da ruwa bai kai ba sun cika da baƙi, daga Kano da Kaduna da Abuja ana ta haɗa gudummawa ta waya. Akwai ɓata-gari, ba a rasa su, akwai waɗanda suka tsauwala kuɗin fito. Amma da mutane irin na cikin gem ɗin nan ne, da gawarwakin da za a kwasa sun ninka. Wanda ya rayu a Borno shekarun nan ya san yawancin waɗanda rikici ya raba da garuruwansu a gidajen 'yan uwa da na bayin Allah suka sauka, ɗaki ɗaya ya ɗauki iyali biyu ko uku. Wannan ɓangaren na ɗan Adam ba ya shiga gem saboda ba a harbi a cikinsa.

Hatta 'yan wasan da kansu sun ƙaryata masu haɗa gem ɗin. An tsara Fallout 76 da tunanin mutane za su riƙa farautar juna, sai ga tsofaffin 'yan wasa suna tsayawa a bakin ramin da sababbi ke fitowa suna ajiye musu magani da harsashi da ruwa kyauta, har abin ya zama al'adar da aka san gem ɗin da ita. Death Stranding na Hideo Kojima, duk da shi ma kufai ne, ya gane wannan, aikinka a ciki kai saƙo ne da gina gada da hanya waɗanda wani ɗan wasa da ba za ka taɓa haɗuwa da shi ba zai amfana da su. Kamfanin 11 bit na ƙasar Foland ya yi This War of Mine a 2014, ya ɗauko daga ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo, babban birnin Bosniya, daga 1992 zuwa 1996, farar hula kake bugawa, kuma in ka saci maganin wasu tsofaffi mutanenka za su shiga ƙunci har su kasa aiki. Gwamnatin Foland ta sa shi cikin jerin abubuwan da ɗalibai za su iya nazari a makaranta. Kenan ana iya yi da mutunci, yawancinsu ne ba sa so.

Wani zai ce ina ruwanmu, ai yaranmu ƙwallo suke bugawa a gidan gem, a waya kuma PUBG da Free Fire da Call of Duty. To ya binciki asalin PUBG. Brendan Greene, wanda ya ƙirƙiro shi, ya fara gwada tsarin ne a 2013 a kan DayZ, wasan zombi da tsira, kafin PUBG ya fito a 2017. Fortnite ma a farkonsa labarin guguwa ne da ta ɓatar da kusan duk mutanen duniya. An cire zombin, an bar ƙa'idar: ka sauka a gari da ba kowa, ka fasa gidaje ka kwashi abin da ka samu, duk wanda ka gani abokin gaba ne, mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ce za ta rage. Ban ce gem zai mayar da yaro ɗan fashi ba, wannan maganar malalata ce kuma ban yarda da ita ba. Amma yaron da ya shafe shekaru kullum labari ɗaya ake ba shi game da mutane, bai kamata mu yi kamar ba komai ba ne.

Na waya kuma sun fi kowa rashin kunya. Duniyar da komai ya yi ƙaranci ita ce ta fi dacewa da mai son tatsar kuɗi, abinci ya ƙare, gawayi ya ƙare, gini zai ɗauki kwana biyu, maƙiya suna tahowa cikin dare, sai allo ya buɗe maka tayin da zai ƙare nan da awa ɗaya. Sun ƙirƙiri yunwar da hannunsu sannan suna sayar maka da maganinta da dala, kai kuma da naira kake biya. Sau da yawa ma abin da aka nuna a talla daban, abin da za ka tarar in ka sauke daban. A kira wannan tunani a kan makomar ɗan Adam cin fuska ne ga duk wanda ya taɓa kwana da yunwa ta gaske.

Ba na neman a hana kowa komai. Ina so masu sharhin gem su daina tafa wa duk wanda ya zana ciyawa a kan tsohuwar mota, su fara tambayar me ya sa aka rusa duniyar nan, me labarin zai rasa in an bar ta a tsaye. Masu saye kuma su riƙa kai kuɗinsu inda aka yi wani abu daban. Wani ƙaramin kamfani a Cape Town mai suna Free Lives ya fitar da Terra Nil a 2023, ana ba ka mataccen fili ka farfaɗo da ruwa da daji da dabbobi sannan ka kwashe kayan aikinka ka tafi. Assassin's Creed Mirage ya gina Bagadaza ta ƙarni na tara da kasuwanninta da masu sayar da littattafai da cunkoson jama'a. Kiro'o Games na Kamaru sun yi Aurion tun 2016 da duniyar da suka ƙago daga al'adun Afirka. Matasanmu da ke koyon haɗa gem a Legas da Abuja da Kano su nake ji wa tsoro, kada aikinsu na farko ya zama zombi a Kasuwar Kurmi saboda shi suka ga ana yi. Kasuwar nan tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da fatake da dillalai da 'yan koli da rigingimunsu da amanarsu, kuma duk wanda ya iya sa wannan a gem yana da abin da Sony ba ta da shi a shagonta.