Bayan an fito daga tiyata fa?

Labarin da na karanta kan dashen hanta ya yi gaskiya cewa aikin ya yi nisa tun gwajin farko da Dokta Thomas Starzl ya yi a Amurka a 1963, amma ya taƙaita wahalar da ke biyo baya. Garkuwar jiki kan ɗauki sabuwar hantar a matsayin baƙuwa ta far mata, musamman a watannin farko. Dole majiyyaci ya riƙa shan maganin danne garkuwar jiki irin tacrolimus kullum, kan lokaci, galibi har iya rayuwarsa. Maganin kuwa kan taɓa ƙoda, ya jawo hawan jini ko ciwon sukari, ya raunana jiki gaban ƙwayoyin cuta. Da an ga zazzaɓi ko idanu sun yi rawaya, sai asibiti nan take. Don Allah a faɗaɗa bayani kan wannan, masu jinya na buƙatarsa.