Ƙwallon da ya tona min asiri

Injin wanke kwanukan gidanmu ɗan gwanjo ne daga Jamus, har yau ba mu san abin da rabin rubutun jikinsa yake cewa ba. Na saye shi bayan haihuwar autarmu, don uwargida ta san mijinta ma ɗan zamani ne. Mai sayarwa ya rantse wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi sau uku kacal. Duk kayan gwanjon duniya dai na tsohuwar nan ne. Gaskiya ɗaya da ya faɗa ita ce ta wuta: na Turai volt 230 yake sha, daidai da tamu, ba kamar na Amurka mai 120 ba, wanda kana jona shi zai yi hayaƙi ya yi maka sallama.

Shekara guda muna zaman lafiya. Bayan ƙaramar Sallah da kwana biyu sai ya fara wani gurnani, ƙarrr-ƙarrr, kamar injin markaɗe ya haɗiye tsakuwa. Har maƙwabciyarmu ta aiko yarinya da bokitin tattasai, wai ta ji mun fara sana'a.

Uwargida ta ce, "Abban yara, a kira mai gyara mana."

Na ce wane mai gyara ina raye? Na kalli bidiyo biyu a YouTube, ɗaya ma da harshen da ban sani ba. Amma kafin gyara sai da na yi zaman kotu. Na jera yaran a falo na tuhume su da jefa cokali. Na tuhumi mai aiki da zuba garin sabulun wanki, wanda ta taɓa yi sau ɗaya kumfa ya biyo ta har tsakar gida. Na rufe da wa'azi kan amana da kula da dukiya. Kowa ya yi shiru.

Injin nan famfo biyu gare shi. Akwai babba mai tura ruwa zuwa hannuwan da ke juyi suna fesa wa kwanuka, akwai kuma ƙarami mai kwashe ruwan datti ya tura shi ta tiyo zuwa kwata. Ni da yake ba na son ƙaramin aiki, sai na yanke hukunci cewa boris ɗin babban ne ya ci. Na jawo injin daga mazauninsa, na kwantar da shi a gefensa, ban tuna akwai ruwa kwance a cikinsa ba. Ruwan wankin kwanon miyar kuka na daren jiya ya malale kicin, ya jiƙa min wando har gwiwa. Wanda bai taɓa jin warin kuka da daddawa da suka kwana a ruwan ɗumi ba, Allah ya ci gaba da tsare shi.

Na kwance noti tara, na haska tocilan, na ga wayoyi kala-kala, na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Na mayar da komai na jona wuta. Da can ƙarar tana zuwa tana tafiya, yanzu kuwa ta zauna daram. Na danna maɓallin kashewa, ya ƙi. Na buɗe ƙofar, yana ta yi. Ashe a can ƙasansa akwai wani faranti mai ɗan abu mara nauyi da ke tasowa in ruwa ya shiga, sai injin ya ɗauka yoyo yake, ya kunna ƙaramin famfon ba tsayawa don kada gida ya cika da ruwa. Ruwan da na kwarara masa ne ya tayar masa da hankali.

Uwargida ta leƙo, ta kalli ƙasa, ta kalle ni. "Sannu da aiki, Injiniya."

Na fita ƙofar gida inda ba mai ji, na kira wani mai gyaran injin wanki. Tambaya ɗaya ya yi min: yaushe ƙarar take tashi? Na ce da farko in an kunna, sai kuma can ƙarshe. Ya ce, "To Alhaji, me ya kai ka ƙarƙashi? Lokacin kwashe ruwa ke nan, ƙaramin famfo ne. Da babban ne, ai tun daga fara wanki har gamawa za ka ji shi. Wani abu ne ya maƙale wa farfela."

Ya sa na zare wuta, na tsane farantin ƙasan da tsumma. Na ciro kwandon ƙasa, na murɗa rariyar da ke tace ruwan zuwa hagu ta fito, na kwashe ruwan ramin da soso. A gefe akwai ɗan murfin roba, na ɓanɓare shi da bayan cokali. Ya ce in sa yatsa a hankali, don sau da yawa fasasshen gilashi ake samu. Na taɓa farfelar, ƴar mitsitsiya, na ji wani abu mai tauri ya tokare ta. Na sa filaya na zaro. Ƙwallon dabino ne. Duk aikin bai kai minti biyar ba.

Na kunna, injin ya koma yin shuuu ɗinsa kamar ba shi ba. Na ɗauki ƙwallon na nufi falo da niyyar sake buɗe kotu. Uwargida ta karɓa, ta jujjuya shi a tafin hannunta.

Ta ce, "Dabinon da muka sha ruwa da shi duk azumi, ƙwallonsa dogo ne siriri. Wannan gajere ne. Na ajwa ne."

Ajwa kuwa kwali ɗaya ya taɓa shigowa gidan, wanda abokina ya kawo min tsaraba daga Madina, wanda na sanar tun goman farko cewa na rabar a masallaci. Yana cikin durowar gefen gadona, ƙarƙashin takardun mota. Kullum bayan asham nakan ci uku, in ɓoye ƙwallayen a ƙasan kofin shayi.

Yaran da na yi wa wa'azin amana suka zuba min ido. Uwargida ta miƙo hannu.

"Mabuɗin durowar, Injiniya."