Fam 30 ɗin Clare Torry

Duk wanda ya san faifan The Dark Side of the Moon, wanda ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Pink Floyd suka fitar a watan Maris na 1973, mutum huɗu yake kira: Roger Waters, David Gilmour, Richard Wright da Nick Mason. Sun cancanci yabon. Tun Janairun 1972 suke kaɗa waƙoƙin a gaban jama'a suna gyarawa, kafin su shiga situdiyon Abbey Road a Landan. Amma a ganina, wurin da ya fi ratsa zuciya a faifan nan ba daga cikinsu ya fito ba.

A Janairun 1973, aiki ya kusa ƙarewa, akwai wani kiɗan piyano na Wright da suke jin bai cika ba. Injiniyan sauti Alan Parsons, wanda albashinsa fam 35 ne a mako, ya kawo shawarar a kira wata mawaƙiya mai shekara 25, Clare Torry. Ta zo ranar Lahadi. Ba su ba ta baiti ba, ba su ba ta karin waƙa ba, su kansu ba su san abin da suke nema ba. Da ta fara sa kalmomi aka ce ta bari. Sai ta saki murya ba kalma ko ɗaya, ta ɗaga kamar mai kururuwa, ta sauko kamar mai rarrashi. Wannan ne ya zama "The Great Gig in the Sky". Aka biya ta fam 30, ta tafi gida tana zaton ba za a ma yi amfani da shi ba. A kantin sayar da faifai ta gano an sa.

Masu kare ƙungiyar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Mawaƙin haya ɗan ƙwadago ne: an yi ciniki, an biya, da faifan ya faɗi Torry ba za ta yi asarar ko sisi ba. Na yarda, in dai abin da aka rubuta mata ta rera. To wa ya rubuta? Wright ya shimfiɗa kiɗan, amma hawa da saukar muryar nan ita ta ƙirƙiro su nan take. Kuɗin ranar ladan maƙogwaro ne, ba kuɗin ƙirƙira ba. Don abu ya zo wa mutum cikin sa'o'i kaɗan, ba a takarda ba, hakan bai raba shi da mai shi ba.

Faifan ya wuce kwafi miliyan 45 a kasuwa. Torry ta kai ƙarar Pink Floyd da kamfanin faifai na EMI a 2004, aka sasanta a wajen kotu a 2005, kuma tun daga lokacin ana rubuta sunanta tare da na Wright a matsayin masu waƙar. Shekara 32 kafin a kai nan, ai an daɗe ƙwarai.